Yashin Tubali Ma Shaida Ne

Duk tsohon ginin ƙasa da aka rushe a Koki, shaida ce ta salwanta. Cikin tubalinsa akwai ƙwayoyin yashi masu ƙyalli, wato kwaz, masu tara tiririn da yuraniyom da danginsa ke fitarwa. In an gasa su, sai su amayar da haske. Gwargwadon tiririn da suka sha, gwargwadon hasken, har su ƙoshi. Daga nan ake lissafa shekaru, kamar yadda aka yi wa gumakan Nok. Amma da rana ta taɓa su, ajiyar ta goge. Lalle ne masana su ɗebi ƙasar a rufe, daga Koki har ganuwar da Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, tun magina ba su iso ba.