Kwandalar Azurfa Ta Tunawa Da Tarihi: A San Abin Da Ake Saya



Tun da darajar naira ta zube, daga wajen 460 kan dala ɗaya a farashin gwamnati a farkon watan Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, duk mai ɗan abin hannu yake neman inda zai ɓoye guminsa. Wani ya sayi dala, wani ya tura kuɗi gida a saya masa tumaki, mata suka ƙara riƙe zinarinsu. Cikin wannan neman mafaka ne tallar kwandalolin azurfa ta fara shigowa wayoyin mutane ta WhatsApp da Facebook. Za ka ga hoton kwandala tana sheƙi cikin ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski, da takardar shaida a gefe, a ce an buga ta ne don cikar wani abin tarihi shekara 50 ko 100, kuma wai kaɗan aka buga, mai rabo ka ɗauka.

Ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake son tarihi, kuma yana da rarar da ba za ta taɓa jarinsa ba, ya saya ya more kallo, babu laifi. Amma wanda zai ciri kuɗin goro ko na lodin tumatir ya zuba a nan da sunan ajiya mai haihuwa, ina ganin ya dakata tukuna.

Kowace kwandala irin wannan farashi uku gare ta. Akwai adadin da aka rubuta a jikinta, wanda yawanci ba ya sayen komai. Akwai kuɗin azurfar da ke cikinta, wanda sikeli da farashin kasuwar duniya na ranar suke yankewa. Sai na uku, kuɗin labari: akwatin, takardar, zanen, da sunan bikin da ake tunawa. Mai talla na ukun nan yake sayar maka. Ranar da buƙata ta taso ka fita da ita kasuwa kuwa, na biyun kawai za a biya ka, shi ma sai an rage. 'Yan uwanmu 'yan canji sun fi kowa gane wannan, don su da tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa suke cin abinci. Sai dai tazarar dala 'yar kaɗan ce. A ce, alal misali, azurfar da ke cikin kwandala ta naira dubu 60 ce, aka sayar maka dubu 150. Sai farashin azurfa ya ninka sau biyu da rabi kafin ma uwar kuɗinka ta dawo, ba a zo maganar riba ba.

Wannan ba hasashe ba ne, ya sha faruwa a inda harkar ta fi ƙarfi. Amurka ta fara buga kwandalar tunawa a 1892, domin baje kolin birnin Chicago na cikar shekara 400 da isar Columbus nahiyarsu. Rabin dala ce, aka riƙa sayar da ita dala ɗaya. An buga da yawa har suka yi kwantai, daga baya aka saki ɗimbinsu cikin gari a matsayin rabin dala, wato wanda ya biya ninki ya wayi gari mai kantin unguwa yana ba da irinta canji. A 1986 kuma, da mutum-mutumin 'yanci na birnin New York ya cika shekara 100, aka buga dalar azurfa aka sayar da sama da miliyan 7. Kowace ɗaya sama da dala 20 aka saye ta, alhali azurfar cikinta a lokacin ba ta wuce ta dala 5 ba. Shekaru da dama bayan haka dillalai ba sa ba da wani abin kirki a kanta fiye da kuɗin nauyinta, don abin da yake cikin gida miliyan bakwai ba wanda zai yi rububinsa.

Masu talla za su ce ai akwai waɗanda suka yi tsada, kuma gaskiya suka faɗa. A 1928 an buga rabin dala ta cikar shekara 150 da saukar Kyaftin Cook a tsibirin Hawaii, guda dubu 10 kacal, aka sayar dala 2 kowace. Yau mai kyau a cikinsu dubban daloli ake cinikinta. To amma dubi abin da ya haɗu kafin a kai nan: ƙarancin adadi na gaske, kusan shekara ɗari na jira, da jama'a masu kuɗi da suke gasar tara irinta a ƙasar da aka buga ta. Har kamfanoni gare su, irin PCGS da NGC, waɗanda aikinsu ke nan duba kwandala su ba ta maki su rufe ta cikin roba, kuma ɗan ƙarce ɗaya da ido ba ya gani sai ya rage mata kuɗi sosai. Mu a Agege ko Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, wa zai saya a hannunka da wannan lissafin? Ƙarshenta wajen maƙerin fari ko mai sayen gwal za ka kai ta. Zai ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya faɗi kuɗin giram. Akwatin ma sai ya miƙo maka abinka.

Abin da ya sa maganar take ba ni sha'awa shi ne, mu ba baƙin kwandalar azurfa ba ne. Kakanninmu sun yi ciniki da liyari, dalar nan mai hoton wata mata mai jiki, Maria Theresa sarauniyar Austiriya. Ta hamada ta shigo mana, ta hannun fataken Larabawa, ta zagaya Barno da Kano da Wadai da Sudan har Habasha da Yaman. Baturen nan ɗan yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa dalar azurfa ɗaya wuri 2,500 ake canjinta. Ga mai safarar fatu ko turkuɗi, ɗaukar liyari ɗari cikin ɗan zabira ya fi ɗora wa jakuna buhunan wuri. Mata suka rataya ta a wuya, maƙera suka narka ta suka yi mundaye da zobba da kayan doki.

Me ya sa aka amince da ita haka? Nauyinta ba ya canzawa, giram 28, kuma cikin kowane kashi 1,000 na jikinta 833 azurfa ce. Bafatake a Kukawa da na Sawakin sun san abin da suke karɓa. Shekarar da ke jikinta kuwa ba ta dame su ba, kuma a nan ne mutanen yau suke faɗawa rami. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda kasuwa ta saba da kwandalar, aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba a sauya ba. An buga ta a Viyana, an buga a Landan da Roma da Faris da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Austiriya yana buga sabbi fil da 1780 a jiki. Saboda haka in wani ya nuna maka liyari ya ce ta shekara ɗari biyu da arba'in, ka biya miliyan, ka sani mai yiwuwa ka girme ta. In ta gaske ce, azurfar cikinta giram 23 da 'yan kai ne. Wannan shi ne kuɗinta, sai ɗan abin da aka ɗora.

Akwai kuma tarkon suna. A 1977 Sarauniyar Ingila ta cika shekara 25 a kan gado, bikin da Turawa suke kira bikin azurfa. Aka buga kwandalar tunawa guda miliyan 37 da ɗoriya. Fara ce tas, babba, mai nauyi a hannu, amma tagulla ce da nikel, ko ƙwayar azurfa babu. An yi 'yan kaɗan na azurfar gaske don masu tarawa, sai dai yawancin waɗanda ke yawo na gama-garin ne, kuma a can Ingila kuɗin shayi ake sayar da su. Haka ta Churchill ta 1965, haka ta auren Yarima Charles da Diana ta 1981. Akwai ma wani haɗin ƙarfe da ake kira azurfar Jamus, wanda tagulla ne da nikel da tutiya. Ga kuma na wanki, waɗanda aka shafa wa azurfa siririya a sama, da jabun da ake ƙerawa har da lambar 999 ko 925 a jiki, don buga lamba ba wuya gare shi ba. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, saboda haka in ta manne an gama magana. In ba ta manne ba ma ba a tsira ba, tunda tagulla ma ba ya kama ta. Sai an haɗa da ƙaramin sikelin giram da awon faɗi da kauri, a gwada da abin da gidan da ya buga ta ya bayyana. Wanda ya hana ka awo kafin biya, ka bar masa kayansa.

To a ce azurfar ta gaske ce, kuma an saya kusa da kuɗin nauyi. Nan na yarda ajiya ce, ta fi barin naira a ƙarƙashin katifa. Amma kada a ɗauka ita ba ta faɗuwa. A farkon 1979 oza ɗaya, wato giram 31.1, wajen dala 6 take. Wasu 'yan uwan juna attajiran Texas, iyalan Hunt, suka shiga saye ba ji ba gani, har ta kusa dala 50 a Janairun 1980. Ranar 27 ga Maris na shekarar ta faɗo ƙasa da dala 11. Wanda ya saya a saman nan sai da ya jira shekara 31 kafin ya sake ganin farashinsa, a Afrilun 2011, kuma zuwa ƙarshen 2015 ta koma wajen dala 14. Azurfa ta fi zinari tsalle, sama da ƙasa, saboda kasuwarta ƙarama ce kuma masana'antu, irin masu haɗa faifan sola da kayan lantarki, suna jan farashinta. Kuɗin hayar shago ko na makarantar yara bai kamata ya kwana a cikinta ba.

Sai abin da masu talla ba sa faɗa ko kaɗan. Azurfa a shari'a ba kamar atamfa ko shinkafa take ba. Cinikinta da kuɗi hannu da hannu ake yi, a ba ka a karɓa a zama ɗaya. Tsarin nan na ka tura kuɗi yau, kwandala tana wata ƙasa, ko a ce za a ajiye maka ita ana ba ka riba duk wata, ya kamata a zauna da malami a kansa kafin a shiga. Na biyun ma ko ba a je ga malami ba, wanda ya ga yadda MMM ta ƙare a Disambar 2016 ya san ƙamshinsa, don azurfar da ke kwance cikin akwati ba ta da inda za ta samo ribar wata-wata sai daga aljihun sabon shiga. Sannan akwai zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta giram 595. Kwandala 20 masu oza ɗaya-ɗaya sun haye shi. In shekara ta zagayo za a fitar da ɗaya cikin arba'in, ko ta yi riba ko ba ta yi ba, kuma ana haɗa ta da zinari da kuɗin hannu wajen lissafi. Duk mai auna ribar wannan ajiya ya sa wannan a ciki. Ya kuma rubuta abin da ya mallaka da nauyin kowace, ya sanar da wani amintacce, don magada da ba su san darajarta ba sukan sayar a banza.

Ga mai son tarihi tsakani da Allah, ni da zai ji tawa, da na gida ya fara tarawa kafin ya je neman bikin wata ƙasa da bai san labarinta ba. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Turawa suka kafa a 1912 ta fara fitar da sule da fataka a 1913, da hoton Sarki George na Biyar a gaba da bishiyar kwakwar manja a baya. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, 925 cikin 1,000. A 1920 azurfa ta yi tsada, aka rage ta, sannan aka koma jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Da irin waɗannan sulallan aka biya harajin farko-farko na zamanin Turawa, da su aka sayi gyaɗa a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso, da su aka biya sadakin kakanninmu mata. Ga anini da kwabo mai huji da tauraro a jiki, ga takardar naira 50 ta cikar ƙasa shekara 50 da 'yanci a 2010, da ta naira 100 ta cikar shekara ɗari da haɗe kudu da arewa a 2014. Ba za su mai da kowa attajiri ba, amma ba su da tsada, kuma yaron da aka haifa a Legas ko Fatakwal in ya riƙe sule a hannunsa zai gane abin da kakarsa take nufi in ta ce ba ta da ko sisi.

In an je gida da sallah, a roƙi tsofaffi su buɗe adudu da tsofaffin kwalla a duba. Abin da aka samu kada a goge shi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe don ya yi haske. Baƙin nan da ya hau jikinsa masu tarawa suna son sa, gugar kuma tana cinye zanen ta rage masa kuɗi. A naɗe kowace daban cikin takarda mai tsabta, a ajiye inda babu laima.