Gumin Asuba

Yau labarin maza na kawo muku, kar ku yi dariya.

A 2011, a birnin Shalot na Amurka, wasu magidanta suka fara haɗuwa da asuba a fili suna motsa jiki kyauta, ko ana ruwa. F3 sunan ƙungiyar. Dokarsu ta burge ni: ba a barin kowa a baya, wanda ya riga gama gudu sai ya koma ya taho da na ƙarshe. In an kammala su yi da'ira, mai damuwa ya amayar, Kiristocin cikinsu su rufe da addu'a.

Namiji fa, da bakinsa yana cewa aurena na tangal-tangal! Ni Yayana ko zazzaɓi yake, lafiya lau zai ce.