Sankarar ƙwaƙwalwa: wa ya auna ma'aunin kafin a auna mu?

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsarin rarraba sankarar ƙwaƙwalwa. A da, likita yakan duba tsokar da aka ciro da madubin ƙara girma, ya faɗi sunan ciwon. Yanzu wannan bai isa ba, sai an binciki wasu alamomi a cikin ƙwayoyin ƙarin kansa. Biyu sun fi shahara. Ƙarin da ke da canjin IDH yakan fi tafiya a hankali. Alamar MGMT kuwa tana nuna ko maganin temozolomide zai yi tasiri. A watan Agustan 2024 ma Amurka ta amince da wani sabon magani, vorasidenib, wanda ake ba wa masu canjin IDH kaɗai. Kun ga ke nan, takardar labo ce ke zaɓa wa majiyyaci magani.

To amma wa ya tabbatar gwajin daidai yake? Mu malamai mun san wannan. Kafin a fara gyaran takardun BEPC sai an zauna an daidaita ma'aunin maki, in ba haka ba, yaro ɗaya zai ci a hannun wannan malami ya faɗi a hannun wancan. Haka labo yake. Dole a gwada hanyar a kan samfuran da aka riga aka san amsarsu, a maimaita, a kwatanta da wani labo. Abin da ƙa'idar ISO 15189 ke nema ke nan. Gwajin rini da aka fi amfani da shi wajen IDH yana kama kusan kashi 90 cikin 100 ne kawai, sauran sai an karanta ƙwayar halittar. Na MGMT kuma, har a Turai labo-labo ba su haɗu a kan ma'auni ɗaya ba.

A nan Togo akwai ƙarin matsala, wato hanya. Majiyyaci daga Sotouboua ko Sokode sai a tura shi Kara ko asibitin Sylvanus Olympio a Lome, na Dapaong kuwa ya ci fiye da kilomita 600 kafin ya kai babban birni. Tsokar ma, in ta jima ba a sa ta cikin ruwan formol ba, ko ta wuce kima a ciki, alamomin sukan lalace. Sai iyali su sayar da buhunan masara su biya kuɗin amsar da ba ta tabbata ba.

A ganina, tunda an fara inshorar AMU a Janairun 2024, ya kamata ta ɗaure biyan kuɗin irin wannan gwaji da shaidar tantancewa, ko a gida aka yi shi ko a waje. Kai ma ɗan'uwa, in aka miƙo maka takarda, tambayi likita: a wane labo aka yi, kuma an tantance shi? Tambaya ba raini ba ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.