Me Ke Sa Reshe Ya Yi Saiwa?

Da yawa cikinmu mazauna ƙasashen waje mun taɓa tsoma reshen shuwaka ko na na'ana'a a ruwa, don mu huta da sayen ganyen da tsada. Wani ya kama, wani ya ruɓe. Ba sa'a kaɗai ba ce, kuma abin da nake nazari a kai ke nan.

Tsiro na haɗa wani sinadari mai suna oksin a sabon toho da ƙananan ganye. A cikin kara tafiyarsa ɗaya ce, daga sama zuwa ƙasa. Idan aka yanke reshe, sai ya rasa hanyar wucewa, ya taru a gindin yankan. Taruwar ce ke sa ƙwayoyin halittar da ke ƙarƙashin ɓawo su sauya aiki, su fara fitar da saiwa. Ko an dasa reshen a juye, ta gindinsa na asali saiwar za ta nemi fita. Manomin rogo da ke tabbatar idon kara ya dubi sama yana bin wannan ƙa'ida tun kafin Frits Went ya gano sinadarin a Holan cikin shekarun 1920.

Oksin na da abokin ja-in-ja, wato saitokinin. A 1957, Skoog da Miller na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna a jikin taba cewa idan oksin ya rinjaya saiwa ake samu, idan saitokinin ya rinjaya kuma toho.

Saboda haka ga shawarata. Ku zaɓi reshe matashi, domin tsoho ya fi taurin kai. Ku yanke dab da ƙasan gaɓa, ku cire ganyen ƙasa da fure, ku bar ganye biyu ko uku a sama. Su ne ke turo oksin da abinci, amma idan sun yi yawa reshen zai bushe kafin ya yi saiwar shan ruwa.

Hodar fitar da saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan lambu galibi oksin ce, nau'in da ake kira IBA. A dangwala kaɗan, a kakkaɓe, don idan ta yi yawa sai ta hana saiwar tsawo. Na'ana'a ba ta ma buƙatarta, ruwa mai tsafta da wuri mai ɗumi sun ishe ta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.