WA ZAI KAI ƊANKA GIDA IN YA TASHI AIKI DA TSAKAR DARE?

 Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa na kusa da shi, a dandali ne ko a zaure ko a ƙofar masallaci, don maganar nan ta kowa ce.

Na san abin da wani dattijo zai ce da jin kan magana. Zai ce, "Malam, mu da muke kwanciya tun bayan lisha, ina ruwanmu da motar dare ta birni?" To, Baba, ka ƙirga samarin gidanka. Ina suke in an gama girbi? Su wa ke juya injuna a Sharaɗa da Challawa da Bompai? Su wa ke gadin gidajen Nasarawa, su wa ke kwana a bakin wutar gidan burodi, su wa ke dakon buhuna a injinan casar shinkafa? Ba 'ya'yan kwamishina ba ne. 'Ya'yanku ne, na Kumbotso da Madobi da Dawakin Kudu da Gezawa da Ungogo. Kuɗin takin da ka zuba wa masararka bana, in ka bi sawunsa, daga aljihun mai aikin dare ya fito. Saboda haka duk kwabon da hanya ta cinye masa, daga rumbunka aka ɗebe shi.

Ni malamin makaranta ne kafin in ajiye alli in shiga aikin jam'iyya, kuma abin da ya fitar da ni daga aji ke nan zan gaya muku. Akwai wani yaro da na koyar a sakandaren ƙauyenmu, mai kai ƙwarai wajen lissafi. Da ya gama, babu halin wucewa gaba, sai ya sami aikin lebura a wani kamfanin roba. Sati guda ya yi safe, sati guda ya shiga ƙarfe 2 na rana ya tashi ƙarfe 10 na dare. Manaja yana da mota. Akawu yana da babur. Shi da sauran leburori, da ƙarfe 10 ta buga sai mai gadi ya buɗe ƙofa ya tura su waje ya mayar ya rufe. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Zaɓinsa uku ne, kuma babu na kirki a ciki. Ko ya ɗauki shata, ya biya abin da ya kusa cinye aikin yinin nan gaba ɗaya. Ko ya shimfiɗa kwali a barandar wani kanti, sauro ya yi ta sha har asuba. Ko ya kama hanya a ƙafa. Yakan kama hanyar ne, don uwarsa ba ta rintsawa sai ta ji motsin ƙyaurensa. Wani dare cikin daminar 2023 'yan ƙwacen waya suka tare shi a wani kwari, suka karɓe wayar, suka sare shi a hannu. Kwana goma sha yana jinya. Da ya koma, ya tarar an sa wani a gurbinsa. Ba wanda ya zo dubiya, ba wanda ya biya ko kuɗin allura. Da na je gaishe shi, bai yi mini kukan hannun ba. Cewa ya yi, "Malam, kai ka koya mana lissafi. Ka lissafa mini, aikin nan ni nake ci ko masu mota?"

To, bari mu yi lissafin tare, a fili, kowa ya ji. A shekarar 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. In mutum ya yi aikin kwana 26, kowace rana ta tashi kusan Naira 2,700. Mu ce zuwa da dawowa ya kashe Naira 1,000 kawai, kuma wanda ke zaune bayan gari ya san na yi rangwame. A wata Naira 26,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na guminsa, tun bai sayi ko kwanon gari ba. Wannan fa kuɗin rana ne. Na dare kuwa ba shi da ƙa'ida, abin da bakin mai abin hawa ya faɗa shi ne farashi. Sa'an nan ku sani, dokar albashin nan ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu leburan wucin gadi ne, 70,000 ɗin a rediyo kaɗai suke jin ta.

Kada wani ya juya fushinsa kan mai adaidaita sahu. Shi ma ɗanku ne. Mai ya saya da tsada, balas na jiransa wajen mai mashin, ga kuɗin tikiti, ga masu tare hanya, in ya kai ka ƙauye da tsakar dare kuma wayam zai juyo. Talaka ne ya hau talaka. Masu laifi suna can cikin sanyin ofis.

Ku dubi yadda aka yi ta rufe wa mai aikin dare ƙofa ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin Kano. A watan Yulin 2022 aka hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ƙarfe 10, jama'a! Daidai lokacin da ake sallamar masu dutin yamma. Ran 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000.

Za su ce don tsaro aka yi. Na yarda, an sha wuya a 2013, kuma ba ni cikin masu wasa da rayukan mutane. Amma in ka rushe wa mutum gada saboda ɓarayi na bi ta kai, ai sai ka ba shi kwalekwale. Wane kwalekwale aka ba mu? Kuma wane irin tsaro ne wannan da zai kwashe abin hawa daga titi, ya bar yaro shi kaɗai cikin duhu da waya a aljihu? Tsaron mai mota ne, mai gilashi a rufe. Dokar ba ta taɓa hana shi fita ba ko ƙarfe nawa.

Alkawari kuwa mun sha shi har ya gundure mu. Tun 1988 gwamnatin Babangida ta fito da shirin motocin sufurin jama'a. Ku tambayi manyanku inda motocin suka ƙare. Tun 2016 ake yi mana kirarin jirgin ƙasa na cikin birnin Kano. A ƙarshen Yulin 2023 aka yi jawabi a talabijin aka ce za a kashe Naira biliyan 100 a sayo bas 3,000 masu amfani da iskar gas. Ban zo in yi musu da kowa ba, tambaya kawai nake: cikin masu sauraren takardar nan, wa ya taɓa hawa ɗaya daga ƙofar kamfani zuwa garinsu da ƙarfe 11 na dare? Ya ɗaga hannu mu gan shi.

Ba rashin kuɗi ba ne. Ku shiga birni ku ga gadar sama a Ƙofar Nasarawa, ga ta Dangi, ga ta Hotoro, ga doguwar nan ta Sabon Gari. Gwamnatoci daban-daban ne suka gina su, masu jan hula da marasa ja, kuma ban ce gada banza ce ba. Amma gadar sama ta mai taya ce. Wanda ya gina gada bai tanadi bas ba, ya faɗa maka wanda yake yi wa aiki ba sai ya buɗe baki ba. Kowane sabon zaɓe kuma sai an sayo wa 'yan majalisa sababbin motoci, ba mu taɓa jin an ce baitulmali ya bushe ranar nan ba.

Ita dokar ƙwadago ma haka take, kamar rigar da aka ɗinka wa wani. Ta ce in mai aiki ya tura ka wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye daga inda ka saba yi, wajibi ne ya ba ka mota ko kuɗinta. Madalla. To, in ya riƙe ka har tsakar dare fa, ya sake ka lokacin da babu ko keke a titi? Nan doka ta yi shiru. Shirun nan ba mantuwa ba ce.

Ban kuma taɓo maganar mata ba. Ku tuna 'yarku da kuka sha fama kuka kai makarantar jinya ko ta ungozoma. Da yawa sun ajiye aiki, ba don sun gaji ba, don miji ko uba ya ce ba zai iya da fargabar dawowar dare ba. Kuna ganin laifinsa? Ni ban gani ba. Amma gobe in matarka ta kama naƙuda da ƙarfe 1 na dare, kuka isa asibiti da ƙyar a bayan a-kori-kura, kuka tarar babu ungozoma, ku san daga inda abin ya faro.

Abin da jam'iyyarmu ta sa a gaba ba sihiri ba ne. Duk kamfanin da ya sallami ma'aikata bayan lisha, ya kai su babbar mahaɗa mafi kusa da garinsu da motarsa, ko ya biya kuɗin dare daban da albashi, a rubuce cikin dokar jiha, leburan wucin gadi ma ya shiga ciki. Wanda ya iya ajiye tirela goma don kayansa zai iya ajiye bas ɗaya don mutanen da suka yi kayan. Za a ce kamfanoni za su gudu, ga shi dama masaƙu da yawa sun mutu. Rashin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri ne suka kashe masaƙun Kano da Kaduna, ba kuɗin motar lebura ba, kowa ya sani.

Ita kuma gwamnatin jiha ta ware bas na dare, ba masu yawa ba, waɗanda za su tashi daga unguwannin masana'antu da manyan asibitoci daidai lokacin canjin duti, su bi titin Zariya da na Madobi da na Haɗeja da na Katsina da na Gwarzo, kuɗinsu ɗaya dare da rana, a rubuce a jikin mota yadda kwandasta ba zai ƙara ko sisi ba. Mutum goma sha takwas cikin mota ɗaya mai fitila sun fi ƙarfin ɗan daba. Inda bas ya sauke su, masu adaidaita na garin, waɗanda mai unguwa ya san iyayensu, su sami lamba da izinin ƙarasa da su gida. A Maiduguri, garin da ya fi mu shan wuyar rashin tsaro, gwamnatin jiha ta zuba motocin haya masu rangwame cikin 2023. In su sun iya da rana, me zai hana Kano ta gwada da dare?

Kada ku ɗauki maganata don ni na faɗa. Lokacin yawon neman ƙuri'a ne, za su zo muku da atamfa da taliya da sabulu, da maroƙa a gaba. Ku karɓa in kun ga dama, kuɗinku ne ya dawo. Amma kafin ɗan takara ya koma cikin motarsa, dattijo ɗaya ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana yana tashi aiki ƙarfe 10 na dare. Wace mota za ta kawo shi, daga ina za ta tashi, nawa zai biya, kuma wane wata za ta fara?" In ya ce "za mu duba", kun ji amsarku. Namu ɗan takarar ma ku tsare shi da ita, ku sa ya faɗa gaban liman da mai gari, a rubuta, a ajiye takardar wajen malamin makaranta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yaron nan nawa hannunsa ya warke, sai dai yatsu biyu ba sa lanƙwasawa. Ya sami wani aikin a gidan burodi, na dare ne shi ma. Yanzu a kan buhunan fulawa yake kwana, sai ranar Juma'a yake zuwa gida ganin uwarsa. Katin zaɓensa yana wajenta, cikin kwallar da take ajiye kuɗin adashi.