Riƙe Ruwan Damina: Mafita ga Noma a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna kudancin Jihar Katsina, a shiyyar Funtuwa, yankin da aka daɗe ana ɗauka a matsayin rumbun abincin jihar. Ruwan saman da ke sauka a nan yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, wanda ya zarce na arewacin jihar nesa ba kusa ba. Duk da haka, da zarar rani ya tsananta, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai rijiyoyi su ƙafe, tafkuna su koma taɓo, mata da yara su wuni a hanyar neman ruwa, 'yan garuwa kuma su tsawwala farashi. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa matsalar yankin ta rashin riƙe ruwa ce, kuma maganinta yana cikin ƙananan ayyukan da al'umma za ta mallaka ta kuma kula da su da kanta.

Hujja ta farko tana cikin lissafi. Ruwa milimita 1,000 a kan hekta ɗaya daidai yake da lita miliyan 10. Sai dai kusan dukkansa yana zuba ne cikin watanni biyar, daga Mayu zuwa Satumba, galibi da ƙarfi. Ƙarƙashin ƙasar yankin kuwa tsohon dutse ne, wanda ba ya ajiye ruwa sai a inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa ake haƙa rijiyar burtsatse a wani wuri a samu ruwa, a matsa kaɗan a tarar da wayam. Idan aka haɗa wannan da saran itatuwa don itacen girki da gawayi, sai ruwan ya riƙa gudu a doron ƙasa, ya kwashe taki, ya buɗe kwazazzabai, ya cike tafkuna da yashi, sannan ya bi ƙoramu ya fice daga yankin.

Tarihi ma yana da abin faɗa. Tun zamanin Turawa Daudawa ta yi suna wajen noman auduga. A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, ya kuma taimaka wajen mayar da masara babban amfanin gona. Amma da kuɗin waje suka ƙare, kula da abin da aka gina ya ja baya, domin mutanen gari sun ɗauke shi kayan gwamnati. Madatsar Zobe ta Dutsin-ma, wadda aka kammala a 1983, ta shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Darasin shi ne, ginawa ta fi sauƙi a kan rainon abin da aka gina.

Ba za a yi maganar ruwa a wannan yanki a tsallake batun tsaro ba. Sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 ya nuna wa duniya halin da ake ciki, amma manoma sun riga sun san shi. An bar gonakin nesa, mutanen ƙauyuka sun taru a manyan garuruwa, nauyi ya ƙaru a kan rijiyoyi da gonakin kusa da gari, ƙasa ba ta samun hutu. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika son faɗa ba: faɗaɗa gonaki da lambuna ya cinye burtali da mashaya a wurare da dama. Wannan bai zama uzuri ga ɗan bindiga ba, kuma ba shi kaɗai ne tushen fitinar ba. To amma duk shirin noman rani da ya killace fadama bai bar wa garke hanyar shan ruwa ba, ya shuka rigimar gobe.

Abin koyi yana nan kusa, a ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1980, manoma a can suka koma rainon tohon kututturen itatuwan da ke cikin gonakinsu maimakon sare su a lokacin sharar gona, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yana ba gona taki, ya ba dabba abinci, ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Mai suka zai ce ƙasar Maraɗi jigawa ce mai ƙarancin ruwa, ta Faskari kuwa ta fi laka da danshi, kuma hakan gaskiya ne. Sai dai abin da ya kamata a ɗauko shi ne ginshiƙin nasarar: manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne. A kan wannan za a ɗora abin da ya dace da yankin, wato jera duwatsu a gicciyen gangare don rage gudun ruwa, yin kunya a gicciye, yashe tafkuna ta hanyar gayya kafin damina, karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya don raunana ƙuduji, da shuka irin da ke nuna da wuri wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar.

Wannan ba kira ne na watsi da fasahar zamani ba. Burtsatse mai aiki da hasken rana tana sauƙaƙa wa mata wahala ƙwarai. Amma tana zuƙo abin da ke ƙasa ne kawai. Idan ba a mayar wa ƙasa da ruwa ba, za ta ƙafe kamar rijiyar guga. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, dama ce. Ma'aunin nasararsa ya kamata ya zama yawan ayyukan da ke raye bayan shekara biyar, da kuma ko kowace mashaya tana da kwamitin da ya ƙunshi dagaci da sarkin noma da arɗo da wakilan mata, da asusun gyara na mutanen gari. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan ne manazarta Hausa ke da rawar takawa. Manomi yana bambanta faƙo da jigawa da laka da fadama, yana bambanta gulbi da ƙorama da tafki da kududdufi da idon ruwa, ya san binne, ya san marka. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da ilimin ƙasa da ruwa wanda aka tara tsawon ƙarnoni. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma dattawan da suka san inda tsofaffin rijiyoyi da burtalai suke suna ƙarewa, wasu kuma gudun hijira ya raba su da ƙauyukansu. Ya dace sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Zariya su tura ɗalibai su naɗi wannan ilimi daga bakin 'yan gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi, su tattara sunayen wuraren da ke nuna ruwa, su kuma haɗa kai da malaman gona wajen tsara shirye-shiryen rediyo da Hausar da manomi ke ji. Ranar da mutane za su koma ƙauyukansu, wannan taska ce za ta nuna musu inda za su fara haƙa.