Filin Direbobi: Wayar ƙarfe ko igiyar zamani?

'Yan'uwa direbobi, wanda ya taɓa kafewa a rairayi tsakanin Agadas da Bilma ya san darajar winci, injin nan na gaban mota mai naɗe igiya. To, wace igiya za mu ɗaura masa?

Wayar ƙarfe mun saba da ita: ga araha, ga jure rana da gogar dutse. Amma ran da ta tsinke, bulala take yi, har ta karya ƙafar yaron mota.

Igiyar zamani irin Dyneema kuwa zaren roba ce. Nauyinta wajen kashi 1 cikin 7 ne na waya mai kaurinta, kuma ƙarfinta bai gaza na wayar ba. In ta tsinke, galibi zubewa take yi ƙasa. Aibinta tsada, rairayi na cin zarenta, zafi na rage mata ƙarfi, sai da wanki da rufi.

Mu dai igiyar muka zaɓa, don ana sayen igiya, ba a sayen ƙafa. Kowace kuka ɗaura, ku ɗora mata bargo a tsakiya, ku kori 'yan kallo nesa.

Allah ya kiyaye hanya.